Ranar Da Na Faɗi Kan Goron Ɗaurin Aure

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Ina roƙon ɗan fili, ko da yake waɗanda suka san ni za su ce ba a taɓa ba ni ɗan fili na tsaya a ɗan ba. Ni mutumin Argungu ne, aiki ya zaunar da ni Gwadangaji shekara da shekaru. Daga Litinin zuwa Juma'a ma'aikacin ofis ne ni, ina bayan tebur ina hamma kamar kowa. Amma da Asabar ta yi sai in zama wani mutum daban, don ni ne sanƙira, mai shelar ɗaurin aure. Ba gado na yi ba, baki ne ya ja ni. A lokacin da nake ba ku labari na ɗan haura hamsin, ina da tumbin da ke riga ni shiga zaure ya gama gaisawa da mutane kafin in iso, ga murya wadda in na ɗaga ta a Gwadangaji sai kajin Ambursa sun firgita. Wanda bai san aikinmu ba, ga yadda yake. Za ka tsuguna tsakanin liman da waliyyai ka kasa kunne, su yi magana ƙasa-ƙasa irin ta manya, an nema, an bayar, an karɓa. Sai kai kuma ka zabura ka miƙe ka sanar wa jama'a da ƙarfi, ka koma ka tsuguna, ka sake zabura. Wagga zabura ita ce tambarina. Duk girman jikina, nakan tashi ne kamar giwan ruwa ya ƙwace daga hannun masunci, babbar riga ta buɗe, jama'a su ɗauki shewa tun ban ce komai ba. Albashi a ofis nake samu, amma rayuwa a bakin masallaci nake yin ta.

Hawan jini da ciwon suga kuwa tsofaffin maƙwabtana ne. Mun daɗe tare, ina zuwa asibiti a Birnin Kebbi wurin wata likita, tana rubuta mini magani, ina ba ta dariya, kowa ya kama gabansa. Sai wani baƙo ya sauka ba sallama. Hannuna na dama ya fara rawa in na ajiye shi a cinya, kamar yana murza wani abu tsakanin yatsu. Rubutuna a ofis ya ƙanƙance har sai da tabarau nake karanta abin da na rubuta da kaina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne fuskata. Matata ta fara tambayata wai laifin me ta yi nake ɗaure mata fuska, alhali a cikin raina dariya nake yi. Ku duba wannan lamari: mutumin da ya gina sunansa kan barkwanci, fuskarsa ta koma kamar ta alƙali ranar yanke hukunci. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, muka tafi Sakkwato ni da ita, wani likitan jijiya ya sa ni tafiya, ya sa ni taɓa hanci, ya lanƙwasa hannuna, sannan ya ce ciwon karkarwa ne wanda suke kira Fakinson. Ya ce ba ya warkewa, amma ana zaman lafiya da shi in an bi doka. Ya rubuta magani, ya kuma tambaye ni ko ina shan wani abu. Na ce masa ɗan na suga ne kawai, na hawan jini kuwa na ce sai jefi-jefi, don kada ya ga kamar jikina shagon kyamis ne.

A hanyar dawowa na sa matata ta yi mini alkawarin ba za ta gaya wa kowa ba. Ta ce to likitarmu ta Birnin Kebbi fa? Na ce ita ce ma ta farko da ba za ta ji ba. Dalilina, a lokacin, ya yi mini kama da hankali. Asibitin nan babu wanda ban yi shelar aurensa ko na ƙanwarsa ba, tun daga mai ba da kati har mai share baranda. Fayil ɗina in ya bi hannu uku, kafin La'asar labari ya kai kasuwa cewa sanƙira ya kamu da ciwon rawar jiki. Wa zai kira mai karkarwa ya tsaya gaban surukansa ranar farin ciki? Saboda haka na raba kaina biyu. Mutumin Sakkwato yana da karkarwa, mutumin Birnin Kebbi yana da hawan jini da suga, kuma ba su san juna ba. Hannun kuwa na samo masa mafaka. In ina cikin jama'a sai in tura shi aljihun babbar riga ya yi ta rawarsa a can, ko in riƙe carbi, mutane su ce kai, Malam ya kama ibada.

Maganin Sakkwato ya yi aiki, jiki ya saki, fuska ta ɗan dawo. Amma sai jiri ya shigo. In na tashi daga tabarma sai in ga duniya ta yi duhu daga gefe, kunnuwa su toshe, wuya ya yi nauyi kamar an ɗora mini buhun albasar Augie. To a garinmu kowa likita ne a kan jiri, ko yaron goye ka tambaya zai ce maka jini ne ya hau. Na sayi injin awon jini wurin wani ɗan kudu mai kyamis a unguwarmu, na riƙa aunawa da safe ina kwance kan gado, don an ce a auna cikin natsuwa. Injin kuwa ya riƙa nuna lambobin da in farashin shinkafa ne da manoman fadama duk sun tafi Makka. Shi ke nan, shaida ta cika. Jiri ga shi, awo ga shi. Na fara ƙara ƙwayar hawan jini da kaina, in likita ta ce ɗaya, in ce ai ba ta san girman jikina ba.

A nan majalisarmu ta shigo. Muna zama gindin wata darbejiya bayan La'asar, dukkanmu masu furfura, dukkanmu masu hawan jini, kuma a wurinmu ƙwayar magani kamar goro take: ba ka ci kai kaɗai ɗan'uwanka yana kallo. Akwai amini na, wani Bakatsine mai sayar da tayoyi, wanda tun muna samari ba ya kira na sai da bawansa, ni ma haka, kun dai san tsakanin Kabawa da Katsinawa. Da na yi ƙorafin jiri, sai ya ce ai ƙayar kifi ce ta taru ta toshe mini jijiya, amma tunda ubangida ba ya barin bawansa ya mutu, ga wata ƙwaya tasa mai ƙarfi da ɗansa ya aiko masa. Na karɓa na haɗiye. Wani ya ce zoɓo ba sukari, na sa aka riƙa dafa mini shi a tukunyar biki. Wani ya ce tafarnuwa, na ci har matata ta ce sauro ya yi ƙaura daga ɗakinmu, ita ma tana shirin bin sa. Jiri ya ƙaru. Ni kuma na ce lallai wanga jini taurin kai gare shi, na ƙara masa wuta. Matata ta yi magana, ta ce Malam abin nan fa tun da ka fara ƙarin nan kake ƙara lalacewa, na ce mata ita da injin wa ya fi ilimi.

Ranar da abin ya faru, ɗan aminin nan nawa ne zai auri wata yarinya a Argungu. Bazara ce, irin zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Da safe na auna a kwance, injin ya nuna abin da ya saba, na sha tawa ƙwayar, na ɗora ta Bakatsine a kai, na sha ta karkarwa, na ce yau ba jirin da zai kunyata ni a mahaifata. Ruwa kuwa na ƙi sha sosai don kada fitsari ya dame ni cikin taro. Da muka isa na biya gidan yayata, ta ajiye mini tuwon shinkafa da miyar kifi, na yi masa cin da ya sa kyanwar gidan ta fita tana kuka. Daga nan na zuba babbar riga mai nauyin bargo, muka nufi masallaci. Na tsuguna a wurina. Liman ya ja huɗuba, waliyyai suka tsaya gaishe-gaishe da tuna zumuncin kakanni, ni ko ina tsugune, gumi yana bin bayana. Da aka zo wurin, waliyyin amarya ya ce ya bayar, na ango ya ce ya karɓa, sai na yi zaburar nan tawa. Na tuna na buɗe baki na kira jama'a. Na tuna ganin hular liman tana yin nisa kamar na leƙa ta daga cikin rijiya. Daga nan ban san komai ba.

Abin da aka ba ni labari daga baya shi ne ya fi faɗuwar ciwo. Wai na tafi gaba ɗaya kamar an sare kuka, na faɗa kan babban faranti na goro da dabino da alawa, komai ya watse. Jama'a kuwa suka fashe da dariya. Dariya sosai, har da masu riƙe ciki, don sun ɗauka sabon salo ne na fito da shi. Aminina ma yana cewa a ƙyale shi, Bakabe ne ya ga abinci kyauta ya kasa haƙuri, yana zungurina da ƙafa wai bawa ya tashi ya gama aikin ubangidansa. Sai da liman ya ga jini yana bin tabarma daga goshina sannan dariya ta yanke. Ban riƙe kowa a raina ba. Shekara talatin ina koya musu cewa duk abin da na yi wasa ne, ranar da na faɗi da gaske ba su da hanyar ganewa. Kuma saboda na ɓoye ciwona, babu mutum ɗaya a wurin da ya san abin da zai yi. Wani bawan Allah har ya ɓare ƙwayar hawan jini zai tura mini a baki, Allah ya sa na farfaɗo na kawar da kai. Wani ne ya ƙarasa shelar, ni kuma aka kwashe ni a mota.

An ɗinke goshin a Argungu, washegari aka kawo ni wurin likitata a Birnin Kebbi. Aka auna ni a kan gado, jini ya nuna sama, na ce mata kin gani ko, abin da nake faɗa ke nan. Ban rufe baki ba matata ta shigo da wata baƙar leda, ba ta ko dube ni ba, ta juye ta kan tebur. Maganin Sakkwato, na suga, na hawan jini, ƙwayar Bakatsine a ƙulle cikin takarda, har da ƙullin tafarnuwa. Ta ce wa likita alkawari ta ɗauka, amma ba ta ɗauki alkawarin zama gwauruwa ba. Likita ta ɗauki kwalin maganin karkarwa ta daɗe tana juya shi, sannan ta tambaye ni tun yaushe. Na gwada wasa, na ce ai baƙo ne, ban so in dame ta da shi ba. Ba ta yi dariya ba, kuma ita ce mutum ta farko da na ba labari bai ci ba. Ta ce in kwanta, ta auna. Ta ce in miƙe a hankali, ma'aikaci yana riƙe da ni, ta ɗan jira, ta sake aunawa. Jinin da ke sama yanzu-yanzu ya zube ƙasa warwas, duhun nan ya fara zuwa, suka zaunar da ni.

Ta ɗauki gorar ruwan da ke teburinta, wadda aka sha rabi, ta kwantar da ita, ruwa ya kai har wuya. Ta tsayar da ita, ruwa ya koma gindi, wuya ya zama wayam. Ta ce haka jikina ya koma. Ciwon karkarwa yana raunana jijiyoyin da ke matse hanyoyin jini su tura shi sama in mutum ya miƙe, suga da ya daɗe shi ma yana taya shi, maganin karkarwar kansa yana iya ƙara saukar da jini, ga zafi, ga cika ciki, ga rashin shan ruwa. Jirin da nake ji ba na hawa ba ne, na sauka ne. Wato duk ƙwayar da na ƙara, rami nake ƙara wa zurfi ina tsaye a bakinsa. Kuma hawan da nake gani a kwance shi ma gaskiya ne, ba a yin wasa da shi, don yana iya taɓa ƙoda da zuciya da ƙwaƙwalwa. Ciwo biyu ne masu jan igiya ɗaya, kowa ta nasa gefen, ni ne a tsakiya. Ta kira likitan Sakkwato a gabana, suka daidaita magungunan da lokutan shan su, ta ce a ɗaga kan gadona, in riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, in sha ruwa, in riƙa aunawa a kwance da kuma a tsaye. Sannan ta faɗi wadda ta fi allura zafi: tsugunno mai tsawo da zabura sun ƙare.

Na zauna gida, waya ta yi shiru. Labarin da na kashe kaina ina ɓoyewa ya zagaye gari a siffar da ta fi gaskiya muni, wasu suka ce shanyewar jiki ce, wasu suka ce jifa ne daga abokan sana'a. Wata Asabar ina zaune a tsakar gida aka ɗaura aure a masallacin bayanmu, na ji wanda ke shela yana karanto sunaye kamar mai kiran marasa lafiya a layin asibiti. Wallahi sai da na ji hawaye. A nan na ce wa matata, likita zabura ta hana, ba ta hana baki ba. Muka fara atisaye. Ita ce liman, ita ce waliyyai duka biyu, tana zaune kan tabarma tana bayarwa tana karɓa, ni ina kan kujera. In lokacin tashi ya yi, sai in motsa ƙafafu, in matse cinyoyi, in matso bakin kujera, in dafa sanda, in miƙe kamar raƙumi mai kaya, in tsaya shiru har idona ya washe, sannan in yi magana. Sau da yawa na koma na zauna ba shiri, ita ko ta ce auren bai ɗauru ba, a sake. Muryar ma ciwon ya fara cinye ta, likita ta ce sai ana motsa ta kullum. Sai na riƙa sa a kai ni fadama wajen Ambursa da hantsi kafin rana ta yi zafi, in zauna bakin gonar wani abokina in yi ta kwarara shela ga shinkafa. Na aurar da tsuntsayen fadamar nan kaf, har mai gonar ya ce tun da na fara zuwa ko ɗaya bai sauka ba, in faɗi abin da zai riƙa ba ni.

Wanda ya buɗe mini ƙofa shi ne wanda ya zungure ni da ƙafa. Aminina bai daina zuwa ba tun ranar, kuma ya daina raba ƙwayarsa a majalisa, har faɗa yake yi in ya ga ana yi. Da auren ɗiyarsa ya tashi, ya ce ko a kan gadon asibiti ne sai bawansa ya yi shela, don bai saba biyan wani kan abin da yake da mai yi masa kyauta ba. Na je da kujerata da sandata da gorar ruwa, na sa riga mara nauyi, na karya da abu kaɗan. Kafin a fara na roƙi liman izini, na fito da hannuna daga aljihu na ɗaga shi sama yana rawarsa kowa na gani. Na gaya musu sunan ciwon, na ce ba jifa ba ne, ba kuma a ɗaukarsa wurin gaisawa, in sun ga na faɗi su kwantar da ni su ɗaga ƙafafuna, kada wanda ya sa mini komai a baki, ko da kifi ne. Aka yi dariya, amma irin wadda na nema da kaina. Da waliyyai suka gama, na fara tashi. Kowa ya zuba mini ido. Na ji duhun ya leƙo daga gefen ido, na riƙe sanda na jira shi, ya tsaya, ya juya ya koma. Sannan na buɗe murya na shaida wa jama'a an ɗaura. Liman ya ce ko na layin baya sun ji, aminina kuwa ya juya baya yana gyara hula, ya daɗe yana gyara ta don kada a ga ƙwalla a idonsa.

Ba zan yi muku ƙarya ba ko da ƙarin gishiri sana'ata ce: ban warke ba. Akwai ranakun da jiki ke ƙin tashi, in yi shelar a zaune da lasifika. Akwai gayyatar da nake mayarwa in zafi ya yi yawa. Magani yana da lokacinsa, kuma na karkarwa ba ya son a haɗa shi da cin nama ko kifi mai yawa, wanda ga Bakabe wannan kaɗai jarrabawa ce. Abin da na koya shi ne jiki ɗaya ne, ba a raba shi tsakanin likitoci kamar gadon gona. Duk wanda ke fama da ciwo fiye da ɗaya, ya tattara duk abin da yake haɗiya, na asibiti da na gargajiya da wanda aboki ya ba shi, ya zube gaban kowane likita da zai gani. Ba kowane jiri ne hawan jini ba, ku nemi a auna ku a kwance a kuma auna ku a tsaye. Kada ku ƙara ƙwaya da kanku, kada ku rage, kada kuma ku karɓi ta wani komai amincinku. Ku gaya wa mutanen da kuke zama da su abin da ke damunku, domin ranar da kuka faɗi su ne a kusa, ba likita ba. Ku kuma 'yan'uwana masu ba da dariya, ku bar wa kanku wata kafa da za a gane in kun yi da gaske. Zuwana asibiti na ƙarshe likita ta gaya mini, ba ɓoye-ɓoye, cewa ciwon nan ba zai tsaya ba, gaba zai riƙa yi a hankali. Na ce mata to mun zama biyu, don ni ma ba zan tsaya ba, gaba zan riƙa yi a hankali.